Inda Tsaga Ta Haihu

Taya safaya biyu, jak, shebur, igiyar ja. Jarkar ruwa, akwatin magani, barguna huɗu. Filas uku na shayi, gurasar chapati a naɗe cikin tawul, dafaffen ƙwai, gishiri a ƙulle cikin takarda. Madubin hangen nesa biyu, da littafin tsuntsaye wanda bangonsa ya cire. Sai oba-oba, rediyon da direbobi ke magana da juna, ɗaure a gefen sitiyari, tana ta surutu tun asuba.

Mutum uku Resiato ta ɗauko a motarta ta kai baƙi kallon namun daji, yau kwana na uku ke nan. Ogutu, mai sayar da kayan gini a Kisumu ta ƙasar Kenya, da mahaifiyarsa Mama Aoko, wadda don ita aka yi tafiyar saboda ta cika saba'in, da 'yarsa Awuor mai shekara goma sha ɗaya. Sun ga giwa, sun ga ɓauna, sun ga jakin dawa har sun daina ɗaga masa kai. Ogutu yana da wata takarda a aljihun riga mai jerin sunayen dabbobi. Duk wadda aka gani sai ya soke ta da biro, ya tambayi saura nawa.

Direbobi ashirin da shida ne ke aiki a wannan ɓangaren gandun dajin, kowa da sansanin baƙin da yake yi wa aiki, amma doka ɗaya ta haɗa su, ba kuma a rubuce take ba. Wanda ya gani ya faɗa. Ba a kiran dabba da sunanta a oba-oba, don kada baƙi su ji su hana direba sakat. Zaki shi ne mai gemu. Damisa, mai ɗigo ta sama. Rabbi, 'yar'uwar damisa da ta fi kowace dabba gudu, mai ɗigo ta ƙasa. Ka faɗi abin, ka faɗi wurin, sauran su taho. Wanda ya ɓoye, a ɓoye masa, direban da aka ɓoye wa kuwa makaho ne ko da idonsa ya kai na mikiya, don filin ya fi ƙarfin mota ɗaya.

Koinet, yayan mahaifiyar Resiato, shi ne babba a cikinsu. Shi ya koya mata karanta sawu tun tana bin akuyoyi. Da ta dawo daga Kanada bayan shekara shida da takardar da ba wanda ya nemi ya gani, shi ya tsaya mata har aka sa ta a layin oba-oba na direbobin, mace ta farko. Suna kiranta Farfesa. Ba yabo ba ne.

Wajen ƙarfe tara Mama Aoko ta taɓa kafaɗarta.

"'Yata, ina so in duba taya."

Tun ranar farko Resiato ta koya musu haka ake cewa a nan idan fitsari ya matsi mutum, tsohuwar kuma ta riƙe kalmar kamar an ba ta kyauta.

"Kaka, sau uku ke nan yau," in ji Awuor. "Tayar taki ta fashe ne?"

"Ke ki kai shekaruna ki ga ko taki za ta riƙe iska, marar kunya."

Resiato ta bar babbar hanya, ta bi wata tsohuwar turba da ciyawa ta kusa cinyewa, wadda ke gangarawa gefen wani busasshen kwari. Ta tsaya, ta kashe mota. Ba a sauke baƙo sai an duba, don haka ta miƙe ta leƙa ta rufin, ta bi ciyawar da ido daga hagu zuwa dama, a hankali.

Ƙarƙashin wata ƙaya, taku arba'in daga motar, kunne ya motsa. Kunnen a tsage yake.

"Mama, ki daure," ta ce a hankali.

"In daure? Da wace mara?"

"Kada kowa ya motsa. Ku dubi ƙarƙashin ƙayar can."

Sun daɗe suna kallo kafin su gani. Doguwa, siririya, a kwance a gefe ɗaya, baƙin layi ya sauko daga kowane ido zuwa bakinta. A jikin cikinta wasu abubuwa uku masu toka-toka suna ture juna, kowanne bai wuce tafin hannu biyu ba.

"Damisa ce?" in ji Mama Aoko.

"Rabbi. Direbobi suna ce mata Tsaga, saboda kunnen. Wata biyu ke nan ba wanda ya gan ta."

Ogutu ya riga ya ɗaga waya. Ta ji ƙarar hoton, sau ɗaya, sau biyar, sau goma.

Hannunta ya kai kan oba-oba da kansa, kamar yadda ƙafa ke zuwa birki. Ta bar shi a wurin, ba ta danna ba.

Bara ma ita ta samo Tsaga da 'ya'ya, huɗu a lokacin. Watanta biyu da fara aiki, ta danna ta faɗa, ranar ce kuma aka fara gaishe ta a wurin cin abinci. Mota ashirin da uku suka zo kafin azahar. Kurayen wannan filin sun daɗe da gane cewa inda motoci suka taru akwai abu. Suka biyo ƙurar. Kwana biyu aka yi, a rana ta uku Tsaga tana yawo ita kaɗai tana kira, motocin na biye da ita ana ɗaukar hoton kiran.

Ƙura ta tashi a kan tudun gabas. Farar mota mai koren rufi, ta Sankale, ɗaya daga cikin direbobin. Ya tsaya a can sama. Direba ba ya neman dabba kawai, yana neman motar da ta tsaya, da inda baƙin cikinta suka juya.

"Ku juya," in ji Resiato. "Duk ku juya dama. Awuor, ɗauki madubi, ki kalli bishiyar can. Yallaɓai, kai ma. Sauke wayar."

"Me ke cikin bishiyar?" in ji Ogutu.

"Ba komai. Ka kalle ta kamar ka biya don ita."

Ta miƙa wa Mama Aoko littafin tsuntsaye, tsohuwar ta buɗe shi a juye, ta ɗaga shi sama tana nuna reshe da yatsa.

Oba-oba ta yi ƙara. "Farfesa, Farfesa. Me kika samu a kwarin nan?"

"Tsuntsu."

"Wane iri?"

"Ƙarami. Ruwan ƙasa-ƙasa. Baƙina suna so su san ko mace ce ko namiji."

Dariya ta ɓarke a layin, murya uku ko huɗu. "Allah ya ba ki haƙuri," in ji Sankale. "In ya yi ƙwai ki kira mu." Ƙurarsa ta juya ta yi arewa. Ba direban da ke zuwa wurin masu kallon tsuntsu, ko da kuwa hanya ce.

Ta tayar da mota, ta yi baya a kan sawun da ta shigo da shi, ba ta juya ba sai da ta kai babbar hanya. Ta yi tafiyar minti goma kafin ta sauke tsohuwar a bayan wani suri. Da Mama Aoko ta dawo tana gyara zane, Resiato ta juyo ta gaya musu labarin bara, a taƙaice.

"Wata biyu suke buƙata," ta ce. "In suka fara gudu, kura ba ta kama su. Kafin nan, ba ku ga komai ba."

"Ƙanwata, kada ki damu," in ji Ogutu, yana soke rabbi a takardarsa. "Ni ba mai surutu ba ne."

Mahaifiyarsa ta dube shi ta gefen ido. "Kai? Tun kana goye kake ba maƙwabta labarin abin da na dafa."

Ana cin abincin rana a ƙarƙashin wani ƙaton ɓaure a bakin kogi, inda duk motocin ke haɗuwa. Baƙi a kan barguna a inuwa, direbobi a can gefe a tsaye, kowa da kofinsa. Resiato ta shimfiɗa wa mutanenta, ta zuba musu shayi, ta tafi wanke hannu.

Da ta dawo, Ogutu ba ya kan bargon. Yana tsaye da wani mai tumbi daga Nairobi wanda ke nuna masa hoton damisa a kan reshe, yana cewa direbansa ne ya fi kowa a gandun nan. Ogutu ya jure hoto ɗaya, ya jure na biyu. A na uku ya zaro tasa wayar.

Sankale yana wucewa da filas. Ya leƙa ta kan kafaɗar Ogutu, ya tsaya.

"Yallaɓai, yaushe ka ɗauki wannan?"

"Ɗazu. Da safe."

"A ina?"

Ogutu ya waiga ya ga Resiato, sai a lokacin ya tuna. Ya nuna fili da hannu, gabas da yamma duka. "Can. Kusa da wata bishiya."

Sankale ya durƙusa gaban Awuor yana murmushi. "Ke 'yan mata, ke ce mai ido. A ina kuka ga kyanwar?"

"Ni tsuntsu na gani," in ji ta, ta ci gaba da ɓare ƙwanta.

Amma ya riga ya gane. Ya san inda ya gan ta tsaye da safe, sai dai kwarin dogo ne, tafiyar awa guda, daga tudun kuma ba a iya ƙiyasta wuri. Ya koma wurin direbobin. Maganarsu ta mutu ɗaya bayan ɗaya, kofuna suka sauka.

Koinet bai ɗaga murya ba. Ya ajiye kofinsa a kan bonet, ya yafito ta da yatsa biyu, ya zagaya bayan motarsa. Ta bi shi.

"Nawa ne?"

"Uku."

"A ina?"

Ta kawar da kai.

"Ɗiyata, ban ji ki ba."

"Ban faɗa ba, Kawu."

Ya cire hularsa, ya dubi cikin hular, ya mayar. "Zakunan da kika nuna wa mutanenki jiya, wa ya samo su?"

"Kai."

"Karkandar shekaranjiya?"

"Sankale."

"Kin ci na kowa. Yau da naki ya zo kin rufe tukunya, har kin sa tsohuwa ta riƙe littafi ana yi wa Sankale wasa. A Kanada aka koya miki wannan?"

"A nan na koya. Bara. Kana wurin."

"Kura ta ci 'ya'yan rabbi tun kafin a ƙera mota."

"Tun kafin a ƙera mota ba ta da mai nuna mata hanya."

Ya matso kusa, muryarsa ta ƙara yin ƙasa. "Kin ga filin nan? Me ya hana masu shi su kafa shingen waya su shuka alkama kamar yadda aka yi a can sama? Baƙin nan ne. Me ya kawo baƙin? Kyanwoyin nan. Baƙon da ya koma bai gani ba, ba ya turo ɗan'uwansa. Gida ashirin da shida ke ci daga wannan layin. Ke kina kallon uku, ni ina kallon ashirin da shida."

"Bara ashirin da shidan sun ci kwana biyu. In aka bar waɗannan suka tashi, za ku ci shekara goma."

"Ba ke za ki yanke ba. Wanda ya gani ya faɗa. Ko ni ban isa in canza ba."

"To ni na gani, ban faɗa ba."

Ya daɗe yana kallonta. Fuskar mahaifiyarta ce da shi, har da yadda yake cije leɓe.

"Kin san abin da ke biyo baya."

"Na sani."

Ƙarfe uku suka fita yawon yamma. Oba-oba tana kunne, amma sai shuu kawai take yi. Sun koma wani layin. Ta murɗa ta gwada biyu, ta bari, don ko ta same su za su sake ƙaura. Tun da ta fara aikin ba ta taɓa jin ƙarar injinta haka ba.

A madubi kuma akwai mota. Wani matashin direba ne daga sansanin Sankale, ba baƙo ko ɗaya a cikin motarsa. In ta tsaya ya tsaya, in ta juya ya juya. Ta kai shi yamma, nesa da kwarin, ta tsaya minti ashirin a gaban garken barewa, shi ma ya tsaya yana kallon barewa.

Wajen ƙarfe biyar suka hango ƙura can kudu, layi shida, bakwai, duk sun nufi wuri ɗaya da gudu.

"Me ke can?" in ji Ogutu.

"Ban sani ba."

"To ki tambaya mana."

"Ba za su gaya mini ba."

Ta bi ƙurar duk da haka. Kogi ne tsakaninsu, mashigin kuma yana can ƙasa, sai da ta zagaya. Kafin su isa motocin sun fara watsewa. Zakuna ne suka kayar da ɓauna a fili, a idon kowa, suka ja ta cikin duhuwa. Abin da ya rage jini ne a ciyawa da ungulaye a kan itace. Mai tumbin nan na Nairobi ya wuce su yana ɗaga wa Ogutu waya.

Ogutu ya zauna. Da suka kama hanyar sansani, ya matso kusa da Resiato.

"Direba, in tambaye ki. Gobe ma haka za mu yi?"

"Haka."

"Jibi fa?"

"Haka."

"Kwana biyu suka rage mana. Na rufe shago mako guda, na ɗauko tsohuwa tun daga Kisumu, ba don in kalli barewa ba. Rigimarku ce, ba tawa ba."

"Gaskiya ne," in ji Resiato. "In kana so, ka gaya wa manaja ya ba ku wani direban. Ba zan ji haushi ba."

"Rigimarsu ce?" Mama Aoko ta ce, ba ta ko juyo daga taga ba. "Wa ya zaro waya? Yarinyar nan ta roƙe ka abu ɗaya. Ko awa uku ba ka riƙe ba."

"Mama, ai ban faɗi wurin ba."

"Don ba ka sani ba ne. Da ka sani da ka zana musu taswira."

Awuor ta rufe baki da bargo. Ogutu ya zaro takardarsa, ya duba, ya mayar aljihu.

"Zan yi magana da manajan," ya ce.

"Ka yi," in ji tsohuwar. "Ka hau motar da kake so. Ni ƙafata ta saba da matakalar wannan."

Rana ba ta gama faɗuwa ba lokacin da Resiato ta sauke su, ta kai motar bayan sansani inda ake wanki. Direbobi uku na sansaninsu suna wurin da bokitai. Wanda ke riƙe da tiyo ya gama, ya naɗe ta, ya rataye, maimakon ya miƙa mata kamar kullum. Ba wanda ya ce Farfesa. Ta je ta warware tiyon da kanta.

Tana wanke tayar baya motar Koinet ta shigo. Ba sansaninsa ba ne, tafiyar rabin awa ce daga nan. Sauran suka ɗauki bokitansu suka ba su wuri.

Ya tsaya yana kallon yadda take wanki.

"Kin bar laka a bayan rim."

Ta wanke wurin.

"Na yi magana da su," ya ce. "Ga abin da na samo miki. Ki gaya mini ni kaɗai. Mota biyar a lokaci guda, minti goma kowa, ba mai matsawa kusa. Ni zan tsaya a kai da kaina. Gobe da safe ki kunna layi ki ba Sankale haƙuri, shi ke nan, an wuce wurin."

"Bara ma biyar aka ce."

"Bara ban tsaya a kai ba."

"Ka tsaya, Kawu. Motarka ce ta shida."

Bai musa ba. Ya dubi ruwan da ke gangarawa ƙarƙashin motar.

"Baƙo na zaune a bayanka yana numfashi a wuyanka," ya ce, "ga abu can ana gani. Ke ma kin san yadda yake."

"Na sani. Shi ya sa ba zan ɗora maka ba."

"Wata biyu kika ce. Yanzu ne lokacin baƙi. Wata biyu ba ki ji, ba ki gani. Baƙon farko zai nemi a canza ki, na biyu ma haka. Manaja ba ɗan'uwanki ba ne. Kafin 'ya'yan nan su yi gudu, wani ne zai riƙe makullin motar nan."

"Mai yiwuwa."

"Kuma ko kin ɓoye, za su neme ta. Gobe mota goma za su bi kwarin."

"Su bi. Dogo ne, ciyawa ta kai ƙugu, ita kuma tana ɗauke su ta canza wuri duk bayan kwana uku. In suka same ta da idonsu, sun same ta. Ba dai da bakina ba."

"Ke ma ba za ki iya komawa ki gan su ba. Suna biye da ke."

"Na gan su."

Ya ja numfashi ta hanci. "Ni na tsaya miki a gaban mutanen nan. Na ce jinina ce, ta san doka. Yau Sankale ya tambaye ni a gaban yara ko haka muke a gidanmu."

Wannan ya shige ta. Ta kashe famfo, ta tsaya da tiyon a hannu yana ɗiga a kan takalminta.

"Ka yi haƙuri da wannan, Kawu. Da gaske nake."

"To ki faɗa."

Ta naɗe tiyon ta rataye. Ta ɗauki tsumma ta goge gilashin gaba, ta goge madubin gefe, ta matse tsumman ta jefa a ƙasan kujera. Sai an kai motar rumfa kafin duhu, an sha mai, an duba iska, don ƙarfe shida za a fita, ko da mutum uku ko da tsohuwa da jikarta kawai.

Koinet yana tsaye a inda yake, hannunsa ɗaya a kan ƙofar da ta bari a buɗe.

"Me zan gaya musu?"

Ta hau, ta zauna. Ta jira har ya ɗauke hannunsa, sannan ta ja ƙofar ta rufe.

"Ka gaya musu ba zan faɗa ba," ta ce ta taga. "Sai 'ya'yan sun yi gudu."